Si Allal da Lamba Ashirin da Bakwai

Ƙarfe tara da rabi na safe Si Allal yake sauka daga jirgin cikin gari, ya taka da ƙafa zuwa gidan abincin da yake aiki a unguwar Mers Sultan, da jakar leda a hammata, a cikinta farar rigar da matarsa Lalla Mbarka ta goge masa. Daga unguwar Hay Mohammadi yake tasowa. Shi ke ɗaga ƙofar ƙarfen gidan abincin, shi ke sauke kujeru, sannan ya bi teburan nan goma sha huɗu yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rawa sai ya ninke takarda ya cusa masa a ƙafa. Daga nan ya faɗa kicin, ya buɗe kowace tukunya ya shinshina, ya tsare kuku da tambayar me aka zuba, me za a ƙara. Duk kukun da ya yi zamani a kicin ɗin nan ya taɓa korarsa da ludayi, kuma gobe sai ya dawo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kai wa mutane abinci tebur a gida ɗaya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Jinjina na zauna in rubuta masa, amma gara in faɗi gaskiya tun da wuri: a duk Casablanca ba mutumin da ya taɓa ƙona min rai kamar tsohon nan. Sunana Nezha. Akawu ce ni a ofishin wani lauya da ke tsallaken titi, aikina daga safe zuwa yamma rubuta wa mutane ƙorafi, kuma ba yabon kai ba, na iya. Da wannan iyawar na ɓata wa Si Allal suna wata biyu da suka wuce. Sunan nake so in mayar masa kafin ya tafi, in hakan zai yiwu.

Gidan ya ga iyayen gida uku. Madam Odile ce ta ɗauke shi aiki yana saurayi, lokacin abincin Faransawa ake yi, ba irin na manyan otal ba, miyar albasa ce da nama da dankali na ma'aikatan banki da malaman makaranta. Da ta tsufa ta koma ƙasarsu sai Hammadi ya saya, mutumin garin Nador da ya yi shekara ashirin a Liège ta Beljiyam ya dawo da mata 'yar Beljiyam da ƙaton tumbi. Shi ya cika unguwa da ƙanshin dankalin nan da ake soyawa sau biyu. Bayansa sai Si Pan, mutumin Sin, da 'yarsa Ling wadda a nan ta tashi, ta fi ni iya zagin direban tasi. Allo ya canza, fenti ya canza, Si Allal na nan. Har yau in aka zauna da Hammadi yakan ce, "Da famfo da Allal na sayi gidan, da su na sayar. Famfon ya lalace sau biyu."

Ba ya rubuta abin da aka ce a kawo, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya kai wa wani abincin wani. Kowa ya san ɗan Maroko ba ya ƙoshi in ba burodi, ko da tudun shinkafa ne a gabansa. Ranar da Si Pan ya buɗe, ya rantse ba burodin da zai hau teburinsa. Si Allal bai yi musu ba. Ya riƙa biyawa gidan burodi da safe yana cika aljihun teburin bayan ƙofa, in ya ga mutum yana waige-waige kamar ya yi ɓatan kai, sai ya zura masa rabin burodi ƙarƙashin adiko. Wata shida ana haka kafin Si Pan ya kama shi, kuma ranar da ya kama shi ɗin, shi kansa ya dangwali miya da burodin ya ƙyale shi. Haka yake yi da tsinkayen nan biyu da mutanen Sin ke cin abinci da su. Mu da girman kai ba mai cewa bai iya ba, sai ka ga babban mutum da gemunsa yana farautar ƙwayar gyaɗa a faranti. Si Allal zai wuce kamar bai gani ba, amma in ka ɗaga adikonka za ka tarar da cokali mai yatsu. Wani tsohon malamin makaranta ya gaya min bayan rasuwar matarsa, duk Lahadi in ya zo sai ya tarar da kofi biyu a teburinsu, har tsawon shekara, sai ranar da shi da kansa ya ce a ɗauke ɗayan.

Duk wannan na sani, na kuma yaba. Abin da ya haɗa ni da shi kalma biyu ce: ya ƙare.

Ina 'yar shekara goma mahaifina, Si Tahar na gidan waya, Allah ya jiƙansa, ya kai ni wurin Madam Odile don na ci jarrabawa. Na ɗora yatsa a kan wani zakara da ya fi kowane abinci dogon suna. Si Allal ya dubi mahaifina, ya dube ni, ya ce, "Ya ƙare, 'yata. Amma akwai kifi da man shanu, yau aka kamo." Na ci kifi. Ina budurwa, zamanin Hammadi, na ga ana wucewa da baƙaƙen tukwane cike da mul, 'yan halittun tekun nan masu ɓawo, ana ɓarewa ana tsotsa. Kala huɗu ne a takarda, na zaɓi na farko. "Ya ƙare. Amma akwai mai tumatir." Naman sa mai baƙin romo da Hammadi ke alfahari da shi kuwa, shekara goma sha uku ina tambaya, shekara goma sha uku yana ƙarewa kafin in iso, ko da ni ce na fara shiga. Na taɓa ce masa, "Baba Allal, wai da asuba ake cinye shi ne?" Ya ce, "Garin nan akwai mayunwata, 'yar Si Tahar." Ya zuba min ruwa ya wuce.

Takardar abincin Si Pan lambobi ce, daga ɗaya zuwa sittin, kuma wasu lambobin akwai jan tauraro a gefensu. To mu nan me tauraro ke nufi? Otal mai tauraro biyar, soja mai tauraro a kafaɗa, ɗan makaranta in ya yi ƙoƙari malama ta zana masa tauraro a littafi. Kowa ya buɗe takarda tauraro yake nema. Kuma duk mai tauraro, a bakin Si Allal, ya ƙare.

Litinin ce ranar hutunsa, ranar Ling ke karɓar tebura da kanta. Da ba na zuwa Litinin, sai bana da aka mayar da zaman kotunmu safiyar ranar, na riƙa fitowa da yunwa. Na nuna lamba ashirin da bakwai, yalo a tukunyar ƙasa. Ling ta tsaya da biro a hannu ta ce, "Lalla Nezha, mai tauraro ne fa." Na ce, "Na gani mana. Na yi miki kama da mai cin marar tauraro?" Ta ɗaga kafaɗa ta kawo. Jama'a, ya yi daɗi. Yalon ya narke, da niƙaƙƙen nama a ciki da tafarnuwa da ɗan yaji. Litinin uku a jere na ci, ina ci ina jin haushin shekarun da tsohon nan ya tauye ni.

Sai na yi abin da ya jawo komai. Yayar mijina, Hajiya Batul, ta dawo daga Umra, kuma duk mai yayar miji irin Hajiya Batul ta san ba a kai ta wuri sai an tabbata da shi. Na cika mata kunne da lamba ashirin da bakwai, na ɗauko ta ranar Alhamis.

"Biyu za ka kawo mana, Baba Allal. Ashirin da bakwai."

"Ya ƙare. Amma akwai kaza da..."

"Bai ƙare ba. Litinin uku ina cinsa a kujerar nan."

Butar ruwa na hannunsa, ya tsaya da ita a sama, ya dube ni kamar na ce masa wani ya rasu. Ni na ɗauka kunyar kamun da na yi masa ce. Ya ce a hankali, "Yau dai ya ƙare." Muka ci kaza. Ba mu kai rabi ba sai ga shi ya fito daga kicin da tukwanen ƙasa biyu suna tafasa, ya wuce ta gefen kunnena, ya dire su a teburin wasu 'yan Sin masu sayar da yadi a kasuwar Derb Omar da wani Bature abokin cinikinsu.

Hajiya Batul ta ajiye cokali ta ce, "Ashe ga masu jajayen kunnuwa bai ƙare ba. Nezha, nan ne wurin da kika ce an san ki ɗin?"

Na koma ofis a fusace. Akwai shafin nan na intanet da ake yabon gidajen abinci ko a kushe su, a nan na sauke. Na ce akwai wani tsoho a gidan da ke ganin ɗan ƙasa bai isa cin abu mai kyau ba. Na ce Turawa sun tafi sun manta da yaronsu a Mers Sultan. Na saka sunansa, na saka hoton da na ɗauke shi yana riƙe da tukwanen, na sa nawa sunan a ƙasa don ni ba na jifa in ɓoye hannu. Kafin kwana uku mutane suka yi ta ƙarawa, ni ma ya ce min ya ƙare, ni ma, ni ma. Ashe rabin gari na ɗauke da irin tabona. Rubutun ya bar shafin ya shiga wayoyi, ni kuwa ina ta jin daɗin alƙalamina.

Bayan kwana goma wata mata ta shigo ofis da kayan aikin asibiti a jikinta. Ba ta zauna ba.

"Ke ce Nezha? Ni Hanan ce, 'yar Allal. Shekara talatin babana na tsayawa a sahun farko a masallacin layinmu, daidai bayan liman. Jumma'ar da ta wuce ya zo, mutanen sahun suka haɗe kafaɗu. Ba wanda ya ce masa uffan, ba kuma wanda ya matsa. A bakin ƙofa ya yi salla, wajen takalma. Mai kayan miya yana kiransa yaron Nasara a gaban jikokinsa."

Girman kai ya riƙe ni. Na ce, "To ya faɗi dalilinsa mana. Baki gare shi."

"Mun tambaye shi har mun gaji, cewa yake ba sirrinsa ba ne. Ko hutun Litinin ya daina yi, kullum yana can kamar an ɗaure shi."

"Wannan kuma tsakaninsa da iyayen gidansa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ya ce ya san ki tun kina da kitso biyu." Ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Washegari Ling ta kira ni a waya. Ta ce mutane sun ragu, ta gaji, ba za ta jira lokacin ajiye aikinsa ba. In zo Laraba ta ba ni abincin kyauta, ya ba ni haƙuri a gaban jama'a, daga nan ya tattara ya tafi. Ta ce, "Na sha gaya masa shi ba liman ba ne, kowa da abin da yake so." Ban gane me ya kawo liman cikin zancen yalo ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba da azahar na shiga da Hajiya Batul, don a gaban wadda aka kunyata ni nake so a wanke ni. Gidan ya ɗan cika. Si Pan na zaune a bayan kanta yana ɓare tafarnuwa. Ling ta fito da tukunyar ashirin da bakwai da kanta ta ajiye a tsakiyarmu, ta kira Si Allal. Ya zo ya tsaya, farar rigar nan a goge, tire a hannu. Ya rame.

Ling ta ce, "Baba Allal, ga Lalla Nezha. Ka san yadda muka yi da kai."

"Ki gafarce ni, 'yar Si Tahar," in ji shi. Amma idonsa ba a kaina yake ba, yana kan hannun Hajiya Batul, wadda ta riga ta yi bisimilla ta miƙa cokali.

Ban ga farkon abin ba. Na dai ji tire ya daki tukunya, tukunya ta bar tebur ta tarwatse a ƙasa, yalo ya fantsama har kan takalmin wani mutum. Kowa ya juyo. Daga bayan kanta Si Pan ya ce da gurgun Larabcinsa, "Allal shekara goma sha biyu, kofi ɗaya bai fasa ba."

Ling ta hau shi da faɗa. "Ka haukace ne? Wa ya naɗa ka mai gadin cikin mutane? Matar nan ba yarinya ba ce! Sau uku ina ce mata mai tauraro ne, sau uku tana cewa ta gani!"

Ni ma na miƙe. "Ƙwarai na gani! Mu ba mu isa cin mafi daɗin ba ne? Tauraron na baƙi ne kaɗai?"

Ling ta juyo a hankali. "Mafi daɗi?"

"To me tauraro ke nufi in ba mafi daɗi ba?"

Fuskarta ta canza. Ta dube ni, ta dubi Hajiya Batul da carbinta, ta dubi Si Allal. Shi kuwa ya girgiza mata kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ling da ba a taɓa rufe wa baki ba ta sassauta murya ta ce, "Lalla Nezha, wannan ne na ƙarshe. Ya ƙare. Bari a kawo muku kifi."

Hajiya Batul ta ce, "Wannan gidan mahaukata ne. A kawo kifin, yunwa nake ji."

Ni da cin abincina karanta ƙananan rubutun ƙasan takardu ne, shekara goma sha biyu ban yi wa takardar nan haka ba. Na ɗauko tabarau. Can ƙasan shafin ƙarshe, inda ledar ta naɗe ta dushe, akwai jan tauraro, da rubutun Sinanci, da kalmar Faransanci guda mai harafi huɗu. Alade. Na ce wa Hajiya zan wanke hannu. Na daɗe a ban ɗaki.

Washegari da la'asar, bayan an tashi daga abincin rana, na same shi a lungun bayan kicin yana shan shayi a kan akwatin lemo. Ko gaisuwa ban yi ba.

"Shekara talatin da biyar! Zakaran Madam Odile fa?"

"Jan giya."

"Mul ɗin Hammadi?"

"Farar giya. Naman sa kuma giyar sha'ir, kwalba biyu a tukunya."

"To bakinka ciwo yake yi? Ka ce akwai giya, ka ce akwai alade, shi ke nan! Sai ka bari na tsaya a gaban duniya na kira ka yaron Turawa?"

"Zauna, 'yar Si Tahar, kina tare min iska."

Na zauna. Ya ce a watansa na biyu a wurin Madam Odile akwai wani ma'aikacin banki da ke kawo tsohuwarsa duk ƙarshen wata, ita kuma ba abin da take so kamar zakaran nan. Shekara guda suna haka, ɗan bai taɓa tambayar yadda ake dafa shi ba.

"Ni kuma sabon shiga, ina ji da gaskiya. Na sunkuya na ce, Hajiya, kin san da giya ake dafa shi? Wallahi a hankali na faɗa. Ta ajiye burodin hannunta. Ba ni ta duba ba, ɗanta ta duba. Ta ce, shekara guda, Abdelhak? Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Bayan wata bakwai ya dawo shi kaɗai. Ya ce ta rasu, kuma har ta rasu ko ruwa ba ta ƙara karɓa daga hannunsa ba. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi min."

Ya kurɓi shayi ya ci gaba. "Ranar na gane in ka gaya wa mutum abin da ke cikin faranti, ba na yau kaɗai ka gaya masa ba, har na jiya. Kuma tebur ba mutum ɗaya ba ne. Wani da maigidansa ya zo, wani da surukinsa. In na ce akwai giya, dole kowa ya nuna ko shi wane ne a gaban wanda ba ya so ya sani. In na ce ya ƙare, ni kaɗai ne mutumin banza."

"Amma ƙarya ce."

"Ƙarya ce. Tawa ce, ni zan amsa ta."

"Ni fa? Da ka ja ni gefe ranar Alhamis ɗin."

"Kafin ki ci na tare ki shekara talatin da biyar. Bayan kin ci me zan ba ki in na faɗa, ban da amai? Abin da kika ci ba ki sani ba, ba a rubuta miki ba. Na dai ce Litinin ba za ta sake zuwa ina gida ba."

Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya zo a kai, nasa da nawa da na Si Pan da a duk alamomin duniya ya rasa ta zaɓa sai tauraro.

Na je na sami Hammadi a gidan shayin da yake wuni. Ya ce, "Kada ki ɗauka wa'azi yake yi. Wanda ya san abin da yake nema yana kawo masa, ko gira ba ya ɗagawa. In baƙon fuska ne tambaya ɗaya yake yi: irin na can? Ka ce e, da giyarsa, an gama. Ka ce can ina, to ya ƙare. Yakan yi kuskure fa. Akwai wani likita mai tabon salla a goshi, ya ce a kawo naman sa, Allal bai ma tambaya ba ya ce ya ƙare. Likita ya buga tebur ya ce, malam, shekara tara na yi a Brussels, na san abin da ke ciki, tsakanina da Ubangijina ne! Allal ya ce, bari in duba ƙasan tukunya. Ya kawo masa faranti har yana zuba." Hammadi ya yi dariya har ya sarƙe. Da ya dawo daidai ya ce a shekara goma sha uku ba wanda ya taɓa dawowa ya ce an ciyar da shi abin da bai yarda da shi ba.

Kai ne, Si Allal, rumfa sha shirgi. Kai ne ka san tukunya ka kuma san mai ci, ka tsaya tsakaninsu da tire a hannu muna harararka. Kai ne ka ciyar da masu sha da marasa sha a ɗaki ɗaya shekara arba'in da ɗaya, ba wanda ka tona, ba wanda ka yi wa wa'azi. Kuma kai ne, Allah ya sani, mafi taurin kan da na taɓa gani. Ban yarda da kai duka ba, kada ka ce na yarda. Kai ka roƙi Si Pan ya sa alama, ya sa tauraro, ka ga yadda muke rububinsa da idonka. Da ka buga masa tebur tun shekarar farko da ba a zo nan ba. Maimakon haka sai ka zaɓi ka yi aikin alamar da jikinka, ka manta jiki yana hutun Litinin.

Mu kuma masu ci, Allah ya shirye mu. Mukan shiga gidan abinci mu kira sunan abu da hanci don kada a ce 'yan ƙauye ne, amma mu ce mene ne a ciki, a'a, wannan faɗuwar girma ce. Mu kira mai kawo abinci da ƙyasta yatsa, mu fita ba mu san kalar idonsa ba, in ya ɓata mana mu ɗauki waya mu yanke masa hukunci kafin miya ta huce. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku kalli tsohon nan a 'yan kwanakin da suka rage masa. Ku shiga kicin ko da za a kore ku da ludayi, ku dubi fuskar mutum kafin ku dubi lambar da ya nuna.

Ling ba ta kore shi ba. Ta kwashe masu tauraron ta mayar da su wata takarda daban da ba a bayarwa sai an tambaya. Ni kuma na goge rubutuna a ranar, amma magana zarar bunu ce, abin da ya shiga wayoyin Hay Mohammadi ba ni da hannun gogewa. Hanan ta ce Jumma'ar da ta wuce ma wajen takalma ya yi salla. Ba zai yi bayani ba, don bayaninsa yana nufin ya faɗi wa ya ci me, kuma sunana na ƙasan hoton.

Shekaranjiya na gaya masa zan rubuta wannan. Ya ajiye butar ruwa.

"Kada ki kuskura. Hajiya Batul na karatu."

"Na sani."

"Masu zuwa Litinin fa? Za ki tayar wa bayin Allah zuciya."

"Na tambayi malami, ya ce ba laifi a kan wanda bai sani ba. Har da wannan zan rubuta."

"Ina rufa wa mutane asiri tun kafin ki iya ɗaura takalmi, ke kuma za ki tona naki da hannunki. Taurin kan Si Tahar kika ɗauko."

"Kai ne za ka yi wa wani zancen taurin kai?"

Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo min da shayin da ban ce a kawo ba.

Na gode, Baba Allal, a madadin mahaifina da bai rayu ya san abin da ka yi masa ba, da dubban da suka fita suna zaginka cikinsu lafiya lau. Allah ya saka maka, ya hutar da ƙafafunka, ya yafe maka ƙaryar da ka ɗaukar mana.

Ku kuma mutanen masallacin layinsu, musamman na sahun farko, ga abin da ya ƙi gaya muku. Ni Nezha 'yar Si Tahar na ci naman alade sau uku da hannuna, ina santi, a ranakun da mutumin nan ba ya nan. Da yake nan kuwa, ya gwammace ku kira shi yaron Nasara da in sani. Hajiya Batul, yanzu kin ji, sai mun haɗu a gida. Jibi Jumma'a ce. Zai zo da wuri, kuma ba zai roƙi kowa ba. Ku matsa masa.